Furen da Ake Tugewa a Dajin Perth

Daga Satumba zuwa Nuwamba, bayan daminar sanyi ta ɗauke, dazuzzukan kudu maso yammacin Ostareliya kan cika da furanni. Yankin yana da nau'in tsirrai wajen 8,000, kusan rabinsu kuwa ba a samun su ko'ina a duniya sai can. A tsakiyar birnin Perth akwai Kings Park, fili mai faɗin hekta 400, wanda kashi biyu cikin uku nasa daji ne da aka bari yadda Allah ya yi shi. A wannan lokaci masu kallon fure ke tururuwa, a lokacin ne kuma ake ganin 'yan sa kai, yawancinsu dattawa da suka ajiye aiki, durƙushe da safar hannu da buhu suna tuge tsirrai.

Abin da ke ba baƙi haushi shi ne, wasu daga cikin abin da ake tugewa sun fi na gida kyau da ƙamshi. Furen freesia, fari mai ɗan rawaya a maƙogwaro, shi ne aka fi yi wa kuka. Amma kyau ba shi ne ma'auni ba. Daga Afirka ta Kudu aka kawo shi don ƙawata gidaje, ya tarar da ƙasa da yanayi irin na garinsu, babu kuma ƙwarin da suka saba cin sa. Yana yaɗuwa ta iri, yana kuma ajiye 'ya'ya a ƙarƙashin ƙasa. Duk wanda ya taɓa fama da aya-aya a fadama ya san halin: a fizge ganye a bar ƙwaya ɗaya, baɗi ta dawo da zuriyarta. Inda ya yi kauri, ƙananan furannin gida ba sa samun wurin ɗaga kai. Wata ciyawar Afirka ta Kudu da aka shigo da ita don kiwo ta fi shi ɓarna, domin tana bushewa da rani ta zama makamashi, wuta ta riƙa ci akai-akai fiye da yadda dajin zai iya jurewa.

Yadda ake aikin ma yana jawo surutu, don wanda ya tsaya kallo gani yake kamar ana wasa. Hanyar ta samo asali ne daga wasu 'yan'uwa mata biyu, Joan da Eileen Bradley, waɗanda suka gwada ta a unguwar Mosman ta birnin Sydney a shekarun 1960. Sun lura cewa idan aka share wuri tas aka birkice ƙasa, baƙuwar ciyawa ce ke rigan kowa tsirowa. Sai suka juya lamarin: a fara daga inda dajin ke da lafiya a nufi inda ya lalace, kada a tona ƙasa fiye da kima, kada kuma a share fiye da abin da tsirran gida za su iya rufewa da kansu. Shi ya sa ake ganin mutum da 'yar wuƙa yana zaro saiwa ɗaya, ya mayar da ƙasar, ya rufe da busasshen ganye.

Masu kallon ma ba su fita zargi ba. Tsinkar furen daji ba tare da izini ba laifi ne a jihar da Perth take. Wanda ya ratse hanya don ɗaukar hoto yana iya kwaso cutar Phytophthora a taɓon takalminsa, cutar da ke ruɓar da saiwar itatuwa irin su banksia, kuma idan ta shiga ƙasa fitar da ita sai wahala. Don haka ake ajiye burushi da maganin feshi a bakin wasu hanyoyin daji. Akwai kuma maƙwabta da ke zubar da sharar lambu a bayan shinge, suna cewa ai taki ne. Ƙasar yankin ba ta da sinadarin fosfaras sosai, tsirranta sun saba da wannan talauci, yawan taki yana cutar da su, baƙin tsirran kuwa ƙiba suke yi.

Hukumomi suna yabon 'yan sa kai, sai dai aikin na shekaru ne, domin iri yana daɗewa a kwance cikin ƙasa. Wurin da aka bari na 'yan damuna babu mai bibiya yakan koma yadda yake, kuma bibiyar nan tana bukatar ma'aikata da kasafin kuɗi, ba dattawan Asabar da Lahadi kaɗai ba.