Kwamfuta mai mutuwa da kanta

Wasu mutane ba su sayen kwamfuta haɗaɗɗa. Suna sayen sassanta ɗaya-ɗaya, su haɗa ta da hannunsu a gida. Ta haka kowa yana zaɓen abin da ya dace da aikinsa da aljihunsa. Amma wani lokaci, bayan an gama haɗi, sai kwamfutar ta riƙa mutuwa da kanta. Ana cikin aiki sai fuskarta ta yi baƙi, ko ta tsaya cik, ko ta sake tashi ba wanda ya taɓa ta. Duk rubutun da ba a adana ba ya ɓace ke nan.

Kwamfuta ba ta mutuwa haka kawai. Kullum akwai dalili. Aikin mai gyara shi ne ya gano dalilin kafin ya kashe kuɗinsa.

Sassan kwamfuta

Cikin gidan kwamfuta akwai uwar allo, wadda dukan sassa ke haɗuwa bisa kanta. Akwai ƙwaƙwalwa, wadda ke yin lissafi. Akwai sandunan RAM, masu riƙe aikin da ake cikin yi. Akwai rumbu, inda ake adana rubutu da hotuna. Akwai katin hoto, mai aika hoto ga fuska. Sai akwatin wuta, mai ciyad da su duka. In ɗaya daga cikinsu ya kasa, aikin duka ya tsaya.

Dokar mai bincike

Mai gyara yana farawa da littafi da alƙalami. Duk sa'ad da kwamfutar ta mutu, sai ya rubuta lokaci, da aikin da take yi, da yadda ta mutu. Bayan kwana biyu ko uku, littafin zai nuna masa hanya.

Dokarsa ɗaya ce: abu ɗaya ake canjawa, a gwada, sa'an nan a koma ga wani. Wanda ya canja abu uku a lokaci guda, ko kwamfutar ta warke, bai san wane ne ke da laifi ba. Kuma yana fara duba abin da ba ya cin kuɗi.

Kafin ya sa hannu ciki, yana kashe kwamfutar, ya cire wayarta daga bango. Sa'an nan ya taɓa ƙarfen gidanta. Dalili kuwa, jikin mutum yakan tara ƴar wutar lantarki, musamman da hunturu, lokacin da iska ta bushe. Wannan ƴar wuta tana iya ƙona ƙananan sassa.

Na ɗaya: zafi

Ƙwaƙwalwa tana yin zafi in tana aiki. Yawancinsu, in sun kai wajen digiri 95 zuwa 100, suna rage gudu. In zafin ya ci gaba, kwamfutar tana kashe kanta don kada ta ƙone. Saboda haka, in littafin ya nuna tana mutuwa wajen aiki mai nauyi, ko da tsakar rana, zafi ake fara tuhuma.

A Nijar, cikin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40 a Yamai da Tawa. Ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka da ƙarfen sanyaya da ke bisa ƙwaƙwalwa. Mai gyara yana hure ƙurar, ya duba ko kowace fanka tana juyawa.

Tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ana sa wani mai mai kauri, kamar girman ƙwayar wake, don zafi ya wuce da sauri. Sabon ƙarfe kuma yakan zo da ƴar leda manne a gindinsa. Wanda ya manta bai ɓare ta ba, ya tsare wa zafi hanya.

Na biyu: wuta

Wutar bango ta Nijar volt 220 ce. Akwatin wuta yana mai da ita volt 12, da 5, da 3,3. Kowane akwati yana da iyakar ƙarfinsa, ana auna shi da wat.

Ga misali. Ƙwaƙwalwa tana cin wat 65, katin hoto 170, sauran sassa 60. Jimilla wat 295 ke nan. In akwatin na wat 300 ne, ba shi da sarari. Da aiki ya yi nauyi sai ya gaza, kwamfutar ta mutu farat ɗaya, ba wani saƙo. Na wat 450 ko 500 ya fi dacewa da ita.

Wani lokaci laifin daga bango yake. In fitilar ɗaki tana dushewa sa'ad da kwamfutar ta mutu, wutar gari ce ke sauka. Maganinta na'urar daidaita wuta, ko mai batir wadda ke riƙe kwamfuta ƴan mintoci in wuta ta ɗauke.

Ba a buɗe akwatin wuta, ko da an cire waya. Akwai sassa cikinsa masu riƙe wuta, suna iya kashe mutum. In ya lalace, wani ake sawa.

Na uku: RAM

Sandar RAM da ba ta zauna daidai ba tana ruɗa kwamfuta. Ana cire ta, a sake danna ta sai maƙallanta sun kama. In sanduna biyu ne, ana barin ɗaya a yi aiki da ita kwana guda, kashegari a gwada ɗayar. Akwai kuma manhaja mai suna MemTest86, wadda ta fito tun 1994. Tana rubuta lambobi cikin RAM, ta karanta su, ta gani ko sun canja. Ana barinta ta yi aiki dare guda. Kuskure ko ɗaya ne, alama ce akwai matsala.

Na huɗu: haɗi

Wayoyi biyu manya ke kai wuta ga uwar allo. Ɗaya tana da baki 24, ɗaya kuma, ta ƙwaƙwalwa, yawanci baki 8. Dole su shiga har ƙarshe. Uwar allo kuma tana zama bisa wasu ƴan ƙusoshi da ke raba ta da ƙarfen gida. In bayanta ya taɓa ƙarfe, ko wata ƙusa ta faɗa ƙarƙashinta, wuta tana bin hanyar da ba tata ba.

Na biyar: manhaja

In manhaja ce ke da laifi, Windows takan nuna saƙo kafin ta sake tashi. Fuskar tana zama shuɗiya, ko baƙa a Windows 11 tun 2025. Mai gyara yana kwafe saƙon cikin littafinsa. Sau da yawa laifin na ƙaramar manhajar da ke tuƙa katin hoto ne. Sai a cire ta, a sa sabuwa.

In an gano dalili an gyara, ba a gaggawar rufe littafi. Ana ba kwamfutar aiki mai nauyi kwana bakwai. In ba ta mutu ba ko sau ɗaya, gyara ya yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me mai gyara ke canja abu ɗaya kaɗai kafin ya gwada?
2. Me ya sa ake taɓa ƙarfen gidan kwamfuta kafin a sa hannu ciki?
3. Sassan wata kwamfuta suna cin wat 95, da 200, da 70. Nawa ne jimilla? Akwatin wat 350 zai ishe ta?
4. Wata kwamfuta tana mutuwa da azahar kullum, da dare kuwa lafiya lau. Me za a fara dubawa?