Starlink a Nijar: intanet ya sauko daga sama, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka

A garuruwan karkara da dama, wanda ke son kiran ɗan'uwansa da ke Libiya ko Aljeriya ta WhatsApp sai ya hau tudu yana neman rezo. Wannan wahalar ce ake fatan Starlink zai rage.

Gwamnatin Nijar ta sa hannu kan yarjejeniya da kamfanin a Yamai cikin watan Oktoban 2024, ya kuma fara aiki a hukumance a watan Maris na 2025, shekara biyu bayan shigarsa Najeriya. Starlink mallakar SpaceX ne, kamfanin Elon Musk na Amurka. Taurarinsa na ɗan adam suna shawagi a nisan kilomita kusan 550 daga ƙasa, suna aiko da intanet kai tsaye zuwa wani ɗan faranti da ake kafawa bisa soro. Ba sai an ja waya ko an kafa turken sadarwa ba.

Matsalar tana wajen kuɗi. An sanar da biyan kusan jika 25 na sefa a wata, alhali albashi mafi ƙanƙanta jika 42 ne, ban da kuɗin na'urar da na hasken rana inda babu lantarki.

Shi ya sa wasu matasa ke sayen na'ura ɗaya, su buɗe wifi a unguwa, suna saida tikitin awa ko na yini. Ga 'yan ci-rani kuwa, haɗa kuɗi a saya wa gari na'ura guda ya fi sauƙi bisa kowa ya ɗauki nauyin gidansa shi kaɗai.