Leshin Allura: Aikin Hannu Mai Ƙaramin Jari

Idan aka ce leshi, yawancinmu yadin kanti muke tunawa, wanda inji ya saƙa. Amma tun kafin inji, akwai irin leshin da ake yi da allura da zare kaɗai. Mutanen Banis ta ƙasar Italiya sun shahara da shi tun ƙarni na 16. A Faransa kuwa, garin Alençon ya riƙe sana'ar tun daga 1665, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2010. Can, wurin da bai wuce faɗin farce ba yakan ci awa bakwai.

Ga yadda ake yi. Za a zana siffa a kan takarda mai kauri, misali tauraro ko ganye, a ɗinke ta a kan tsumma ninki biyu. Sai a bi layin zanen da zare mai kauri, ana kama shi da ƙananan ɗinki. Daga nan a cika tsakiya da irin ɗinkin da tela ke yi wa ramin maɓalli, kowane madauki yana rataye a jikin na samansa. Allura ba ta huda takardar. Nan ne mai koyo ya fi shan wuya, domin in ya ja zare da ƙarfi aikin ya tattare, in ya sassauta ya yi laɓo-laɓo. Bayan an gama sai a sa reza tsakanin tsumman biyu a yanke zaren kamun, adon ya fita shi kaɗai. A ɗan sa masa sitaci, ya isa a rataya a ɗaki ko a majami'a lokacin Kirsimeti.

Kada wani ya ce aikin Turawa ne. Ku dubi aljihun tsohuwar babbar riga mai aska takwas: ƙananan idanun nan da maɗinka suka zagaye da zaren tsamiya, ɗan'uwan wannan ɗinki ne. A birnin Zariya, surfanin riga da aikin maza ne, amma daga wajejen 1970 mata suka shiga, suna yi a cikin gidajensu suna samun na cefane.

Ƙasar Gusau, Tsafe da Bunguɗu ƙasar auduga ce tun zamanin kakanni, masaƙar Gusau ma da ita ta tsaya kafin ta durƙushe. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun raba mutane da yawa da gonakinsu a garuruwa irin su Wonaka. Ba mu ce allura za ta maye gurbin gona ba, ko kusa. Sai dai aiki ne na zaune, ba ya neman lantarki, kayansa kuma sa shiga aljihu in tafiya ta kama.

'Yan'uwa a zumuntar mata, mai son gwadawa ta fara da zaren auduga mai ɗan kauri da siffar da ba ta wuce tafin hannu ba. A yi shi da rana a inuwa, hasken aci-balbal yana gajiyar da ido.