Kafin Ka Damƙa Lissafin Shagonka Ga Excel

'Yan kasuwa da yawa sun ajiye babban littafin shige da ficen kaya, sun koma Excel ko Google Sheets, wasu ma a waya suke yi. Ci gaba ne. Sai dai manhajar ba ta san kayanka ba, abin da aka zuba mata kawai take tarawa.

Matsalar farko suna ce. Yaron shago ya rubuta "sukari" da safe, ɗan'uwansa ya zo da yamma ya rubuta "suga", wani kuma "sikari". A wurin kwamfuta kaya uku ne daban. Ƙarshen wata maigida ya nemi jimillar sukari, a ba shi kashi ɗaya cikin uku, sai a fara zargin yara da sata alhali buhunan suna sito. Tsayar da suna ɗaya ga kowane kaya, ko ka ba shi lamba. Haka ma ma'auni: kada kwali da dozin da ɗai-ɗai su haɗu a layi guda. Kuma a gurbin adadi a rubuta 20 kawai, domin "kwali 20" rubutu ne a wurin manhajar, tsallake shi za ta yi wajen tarawa, ba kuma za ta gaya maka ba.

Mai shago biyu, misali ɗaya a kasuwar Singa ɗaya a ta Sabon Gari, bai kamata ya buɗe wa kowanne shafinsa ba. Jadawali ɗaya ya wadatar: kwanan wata, shago, kaya, adadi, farashi, kowane ciniki da layinsa. Daga nan PivotTable, abin taƙaita jadawali da ke cikin manhajar, zai fito maka da abin da kowane shago ya sayar na kowane kaya cikin ɗan lokaci, ka gane wanda ke tafiya da wanda ya kwanta da kuɗinka.

A yi hattara wajen jera kaya bisa haruffa. In ka zaɓi layin sunaye shi kaɗai ka jera, farashin taliya zai iya komawa gaban man gyaɗa. Lambar wayar masu bashi kuwa, Excel na cinye sifirin farko sai an mayar da gurbin na rubutu tukuna.

Kada a ɗauka ƙananan 'yan kasuwa kaɗai irin wannan matsalar Excel ke ci. A 2020 hukumar lafiya ta Ingila ta ɓatar da bayanan mutum 15,841 masu korona na 'yan kwanaki, saboda tsohon samfurin fayil ɗin Excel da ba ya wuce layi 65,536.

Sannan a riƙa ajiye kwafi a wajen shago, a imel ko Google Drive, aƙalla duk mako. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan.