Ɓarawo a Tsakar Gida: Ina Iyakar Kare Kai?

A 2005 jihar Florida ta Amurka ta kafa doka cewa idan wani ya kutsa gidanka da ƙarfi ka kashe shi, kotu za ta ɗauka cewa tsoron halaka ne ya sa ka, ba sai ka kawo hujja ba. Jihohi da dama sun bi sahu. Dalilin farin jinin dokar a fili yake. Wanda motsin ɓarawo ya tashe shi da tsakar dare, ga iyali na barci, ba shi da sararin binciken ko baƙon na ɗauke da makami, kuma ba shi ya tsokano fitinar ba. Hujja ce mai nauyi. Hatta Ingila, da ba ta wasa da batun bindiga, ta sassauta wa masu gida a 2013, muddin ƙarfin da suka yi amfani da shi bai wuce gona da iri ba.

Sai dai abin da ke halatta kisa shi ne barazana ga rai. Haura katanga kaɗai bai isa ba, kuma da zarar barazanar ta kau, izinin ya ƙare. A 1999 wani manomi a Norfolk ta Ingila, Tony Martin, ya harbe ɓarawo ɗan shekara 16 a baya yana ƙoƙarin tserewa, aka ɗaure shi. A Minnesota ta Amurka kuwa, a 2012, Byron Smith ya laɓe ya jira matasa biyu da suka fasa gidansa, ya harbe su, sannan ya ƙarasa su suna kwance. Ɗaurin rai da rai ya samu, kuma daidai ne, don wannan ramuwa ce. Masu cewa ɓarawo shi ya sayar da ransa sun manta cewa a waɗannan ƙasashe alƙali ma ba ya yanke kisa kan fasa gida. Me zai ba maigida hukuncin da ya fi na alƙali?

Ga kuma kuskure, wanda harsashi ba ya gyarawa. A 1992 a birnin Baton Rouge na Amurka, Yoshihiro Hattori, ɗalibi ɗan Japan mai shekara 16, ya ɓata hanyar gidan biki ya buga ƙofar da ba ita ba, maigida ya harbe shi. Kotu ta wanke maigidan daga laifi, daga baya wata kotun ta umarce shi ya biya iyayen yaron diyyar dala 650,000.