Lardin Trapani, Ƙofar Italiya Ta Wajen Afirka

Lardin Trapani yana kusurwar yammacin tsibirin Sisili a Italiya, teku ce kaɗai tsakaninsa da Tunisiya. A garinsa na Mazara rundunar Musulmi ta sauka a shekarar 827, ƙarƙashin Asad bn al-Furat, alƙalin Ƙairawan wanda ya yi karatu a gaban Imamu Malik. Littafinsa Al-Asadiyya shi ne tushen Mudawwanar Sahnun da malamanmu ke ji da ita. A garin Marsala kuwa jagoran yaƙi Garibaldi ya sauka da mayaƙa kimanin dubu a 1860, ya fara yaƙin da ya kai ga haɗe Italiya.

A Segesta akwai tsohon ɗakin bauta mai ginshiƙai 36, yana tsaye sama da shekara 2,400 ba a taɓa yi masa rufi ba. Tsakanin garin Trapani da Marsala kududdufan gishiri ne shimfiɗe, rana na ƙafar da ruwan teku ana tara gishirin tsibi-tsibi.

Abincin da lardin ke alfahari da shi kuskus ne, wanda ake murzawa da hannu, a turara, a jiƙa da romon kifi. Kowane Satumba garin San Vito Lo Capo na shirya masa biki.