Bayan Fitar Takaba

A gidan gandu na da, ba a barin mace ita kaɗai da 'ya'ya. Tana cika wata huɗu da kwana goma, a yi wankan fitar takaba, a soya waina a raba sadaka, sai manya su zauna. Ko ƙanin mamaci ya nemi aurenta ta ci gaba da zama a ɗakinta, ko ta koma gidan iyayenta da na goye, sauran yara su rarrabu a hannun baffanni da gwaggwanni. Rumbu ɗaya ne, ba wanda ke ƙirga loma. Ban ce babu zalunci a ciki ba, marayu da yawa sun sha wuya a hannun matar baffa, amma dai akwai wanda za a tuhuma.

Yanzu gandu ya watse. A Kurna ko Rijiyar Lemo a Kano, ɗaki ɗaya ne na haya, dangi kuma kowa na fama da nasa. Ranar sadakar arba'in za ka ji ana ta “ai 'ya'yanmu ne”, daga nan sai ƙafa ta ɗauke. Rabon matar mamaci a gado tumuni ne, in da kishiyoyi su raba shi tsakaninsu. Sai ta kama sana'a. Tun kafin kiran assalatu ta wanke wake, babban ɗanta ya kai markaɗe, ta ɗora kaskon ƙosai a zaure. Da rana awara, da yamma kitson maƙwabta. Abin da ya fi burge ni shi ne lissafinsu: mace ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta san zubin adashen da zai faɗo daidai da kuɗin haya, da wanda zai tari kayan sallar yara. Inda lissafin ya gaza, nan yarinya ke ajiye jakar makaranta ta ɗauki farantin talla.

Wadda aka saka ta fi shan wuya, domin ita ba a yi mata ta'aziyya. Masu gidan haya ma ɗari-ɗari suke yi da bazawara. Ga kuma tsohuwar gardama: 'ya'ya a hannun wa za su zauna? Al'ada ta ce da an yaye yaro uba ya karɓi abinsa. Fiƙihun Malikiyya kuwa ya bar wa uwa riƙo, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ci da sutura na kan uba. Mata da yawa ba su san haka ba, waɗanda suka sani kuma sun gaji da zaryar kotu a kan kuɗin ciyarwar da alƙali ya yanka amma ba a biya.

Maganin da muka fi sani shi ne wani auren. Hukumar Hisba ta Kano ta fara auren zawarawa a 2012 da mata 100, a 2023 aka aurar da 1,800, har da gado da katifa da ɗan jari. Sai dai ba kowane ango ne ke son agola ba, kuma da ta yi aure riƙo ya koma hannun kaka ta wajen uwa, in tana raye.

Namiji kuwa ba ya daɗewa a wannan hali. Zai kai yara wurin mahaifiyarsa, abokai su fara yi masa nune, ga tsoron kada azumi ya riske shi gwauro, 'yan tashen Nalako su yi masa ƙawanya a ƙofar gida. Kafin shekara ta zagayo an ɗaura.